SUNAN ARO DA SUNAN KAI: MATSAYIN WANDA YA CI BASHI A INUWAR WANI

Wannan shi ne matanin jawabin da aka gabatar ga 'yan'uwa 'yan kasuwa, manoma da matasa na yankin Ikara, Maƙarfi da Kudan. Mun kawo shi ga masu karatu saboda mas'alar ta shafi kowane gida.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya shimfiɗa wa bayinSa hanyoyin neman halal, Ya kuma sanya amana ta zama ginshiƙin mu'amala a tsakaninsu. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), wanda mutanen garinsa suka shaide shi da gaskiya da riƙon amana tun kafin a aiko shi, da iyalan gidansa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Mas'alar da aka nemi in yi bayani a kanta yau ta taso ne daga wajen matasanmu, musamman masu aikin albashi da masu 'yan'uwa a ƙasashen waje. Tambayar ita ce: mutum ya daɗe yana amfani da katin bashi na mahaifinsa, ko na yayansa, ko na maigidansa, bisa izini da yardar mai katin, to ranar da ya je banki neman katin kansa, shin wancan tarihin zai amfane shi?

Wani zai ce wannan magana ta yi nisa da mu, mu da harkarmu ba ta wuce rake da tumatir da masara ba. Alhali kuwa ita ce tambayar da ake yi kullum a kasuwar Maƙarfi da ta Ikara, illa dai sunan abin ne ya canja. Yaro ya shekara bakwai yana ɗauko kaya bashi a Kantin Kwari ko a Singa da sunan maigidansa. Ranar da ya buɗe nasa shagon, shin za a ba shi da sunansa? Amsar guda ce a banki da kasuwa: tarihin da ka yi a inuwar wani yana amfanarka ne gwargwadon yadda ya zama shaida a kan halinka kai kanka. Yana iya sa a saurare ka, amma ba ya zama madadin gwajin da za a yi maka.

MENE NE KATIN BASHI, KUMA WANE NE MAI IZINI?

Ya kamata mu fara da rarrabe abubuwa biyu da jama'a ke haɗawa. Katin da mafi yawanmu ke riƙe da shi, wanda muke zuwa na'urar ATM ko wajen mai POS da shi, ko Verve ne ko Mastercard ko Visa, kati ne na cire kuɗinka da ka ajiye. Idan asusun ya ƙare, katin ya tsaya. Shi kuwa katin bashi, kuɗin banki kake kashewa da shi har zuwa wata iyaka da aka yanka maka, sannan a ƙarshen wata a kawo maka lissafi. Idan ka biya duka a cikin wa'adi shi ke nan. Idan ka bar saura, sai a ɗora masa kuɗin ruwa. A Amurka aka fara wannan tsari, inda katin Diners Club ya fito a 1950, sannan BankAmericard a 1958, wanda daga baya ya koma Visa a 1976.

Mai katin yana iya neman banki ya buga wani kati na biyu a kan asusunsa, ya miƙa wa matarsa ko ɗansa ko yaronsa. Wannan na biyun shi ne muke kira mai izini. Yana sayayya da katin, sunansa ma yana jikin katin, amma bashin yana wuyan mai asusun. Idan aka ƙi biya, mai asusun banki zai bi. Ku riƙe wannan da kyau, domin a kansa dukkan maganar ta ginu: mai izini yana kashewa, wani ke da alhakin biya. Saboda haka duk mai ba da bashi da ya dubi tarihinsa, dole ya tambayi kansa: shin wannan kyakkyawan biyan da nake gani, halin wane ne?

YADDA ABIN YAKE A AMURKA DA INGILA

A Amurka akwai manyan kamfanoni uku masu adana tarihin bashin mutane: Equifax, Experian da TransUnion. Bankuna suna aika musu da rahoton kowane mai bashi, daga nan a fitar wa mutum maki. Mafi shahara shi ne makin FICO, wanda aka fara amfani da shi a 1989, kuma yana tashi daga 300 zuwa 850. Kamfanin ya bayyana cewa kashi 35 cikin ɗari na makin daga biyan bashi a kan lokaci yake fitowa, kashi 30 daga yawan abin da ake bin mutum, kashi 15 daga daɗewar tarihinsa, sauran kashi 20 kuma daga sababbin basussuka da ire-irensu.

Can, tarihin mai izini yana shiga lissafi, kuma akwai dalilin da ya kawo haka. Kafin 1974, mace tana iya shekara talatin tana riƙe da lissafin gida tana biyan kati a kan kari, amma komai da sunan mijinta aka rubuta. Ranar da ya rasu ko suka rabu, sai ta je banki a ce ba a san ta ba. A 1974 aka kafa dokar daidaita damar samun bashi, kuma ƙa'idojin da suka biyo bayanta suka wajabta wa masu aika rahoto su rubuta asusun da sunan miji da mata idan dukansu suna amfani da shi. Bankuna da yawa suka faɗaɗa abin, suka riƙa aika rahoton duk wani mai izini ko da ba abokin aure ba ne. Shi ya sa uba mai kyakkyawan tarihi kan sanya ɗansa a katinsa, don yaron ya samu maki kafin ya nemi nasa.

To, sai masu neman banza suka gano ƙofa. Aka samu dillalai masu haɗa mai kyakkyawan tarihi da baƙon da bai taɓa gani ba, baƙon ya biya kuɗi a sanya sunansa a katin na 'yan watanni, ba a ma ba shi katin a hannu, makinsa ya tashi, ya je ya ci bashin da bai cancanta ba. Abin ya yi yawa har a 2007 kamfanin FICO ya sanar da cewa zai daina lissafa tarihin masu izini gaba ɗaya. A 2008 ya janye wannan shawara saboda matan aure da iyalai na gaskiya, amma ya gyara lissafinsa don rage tasirin sunan haya. Haka nan dokar kati ta 2009 ta ce wanda bai kai shekara 21 ba ba za a ba shi katin kansa ba sai ya nuna hanyar samunsa ko ya kawo wanda zai tsaya masa. A wajen bashin gida kuwa, ƙa'idar kamfanin Fannie Mae ita ce, idan ma'aikaci ne ke tantance takardu da kansa, to asusun baƙon mutum da mai nema yake mai izini a kai ba ya shiga hujjarsa, sai ya kawo takardun da ke nuna shi kaɗai ya riƙa biya na aƙalla wata 12.

A Ingila kuwa, galibin bankuna ba sa rubuta komai a tarihin mai kati na biyu. Yana iya shekara goma yana sayayya da shi, ranar da ya je neman nasa ya tarar takardarsa fara fat.

Don haka ga ɗanmu da ke karatu ko aiki a can, amsar ita ce: a Amurka yana taimakawa, bisa sharaɗin bankin yana aika rahoton mai izini, asusun ya daɗe, kuma mai shi yana biya a kan lokaci ba ya cika katin har wuya. Idan mai katin ya fara wasa da biya, tabon yana iya shafar mai izini. Idan aka cire sunansa, amfanin kan tafi tare da asusun. A Ingila kuwa kada ya dogara da shi.

YADDA ABIN YAKE A NIJERIYA

A ƙasarmu katin bashi bai yaɗu ba, galibi ma'aikata masu albashi ta banki da manyan 'yan kasuwa ke samunsa. Amma adana tarihin bashi ya riga ya kafu, kuma ya iso har ƙauyukanmu ko mun sani ko ba mu sani ba. Akwai kamfanoni uku da Babban Bankin Nijeriya ya ba lasisin wannan aiki: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. An umarci bankuna su duba rahoton mutum a wajen aƙalla biyu daga cikinsu kafin su ba shi bashi. A Fabrairun 2014 aka ƙaddamar da lambar BVN, wadda ta ɗaure dukkan asusun mutum a kan yatsunsa da fuskarsa. A Mayun 2017 aka sanya hannu a dokar rahoton bashi, tare da dokar da ta ba da damar jinginar da dukiyar da ake iya ɗauka, kamar injin ban ruwa, babur ko dabbobi. Daga 1 ga Agusta 2020 kuma tsarin GSI ya fara aiki, wanda ya ba banki ikon kwasar abin da yake bin mutum daga asusunsa na wasu bankunan idan ya ƙi biya. A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa kamfanin CREDICORP don faɗaɗa ba ma'aikata da sauran jama'a bashin sayen kayan buƙata.

Abin lura a nan shi ne, dukkan wannan gini a kan lambar mutum ɗaya yake tsaye. Idan ka je neman kati ko jari, abin da ma'aikacin banki zai duba shi ne shige da ficen kuɗi a asusunka, albashinka ko cinikinka, da rahoton da ke ɗauke da sunanka da BVN ɗinka. Yaron da ke karɓar kuɗin tumatir daga Mile 12 ta asusun maigidansa, ko da miliyoyi sun bi ta hannunsa kowace kaka, a idon banki maigidan ne ya yi ciniki. Matar da ke sana'ar mai ko ƙuli-ƙuli tana karɓar kuɗi ta asusun mijinta, ita ma haka. Amfanin da zama a inuwar babba ke yi a nan shi ne na sanayya: manajan reshe ya san fuskarka, maigidanka ya gabatar da kai, ko ya tsaya maka.

Akwai kuma ɗaya fuskar, wadda ta fi haɗari, wato mutum ya ba da aron sunansa. Lokacin shirin ba manoma bashi na Anchor Borrowers, wanda aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwamban 2015, da BVN ɗin manomi ake rubuta taki da iri da maganin feshi. Duk wanda ya miƙa lambarsa don a ba shi ɗan abin goro, wani ya karɓi kayan, to a takarda shi ake bi. Haka abin yake ga manhajojin ba da bashi ta waya: aboki ya ce ara mini wayarka da lambarka, sati biyu zan biya, ya tafi, tabon ya zauna a kan mai lambar. Ku duba yadda lamarin yake: kyakkyawan tarihin wani da ƙyar yake zuwa gare ka, amma mummunan aikin wani da sunanka nan take yake manne maka.

YADDA IYAYENMU SUKA YI A KASUWA

Kafin banki da kwamfuta, Bahaushe yana da nasa tsarin adana tarihi, kuma a ƙirjin mutane yake. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960, ya kuma fitar da littafi a 1969 a kan fataucin shanu da goro na Hausawan wurin. Ya nuna cewa shanun da ake korowa daga Arewa bashi ake sayar wa mahauta, kuma maigidan da falke ya sauka a gidansa shi ke lamunce kuɗin. Dillalan maigida kuwa aikinsu shi ne sanin kowane mahauci: nawa ake binsa, yaya yake biya, nawa zai iya ɗauka. Wanda ya saba alkawari, labarinsa ya zaga kasuwa, hannu ya ɗauke daga gare shi har sai ya biya. Haka manyan attajiran gyaɗa irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, suka riƙa ba wakilansu kuɗi su shiga ƙauyuka sayen kaya. Wanda ya dawo da lissafi cikakke a ƙara masa, wanda ya yi ha'inci a janye. A nan ƙasar Zazzau ma dattawanmu sun ga yadda wakilan sayen auduga ke aiki da kuɗin gaba har zuwa lokacin da aka rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986.

Wannan tsari yana nan da ransa. A kasuwar rake ta Maƙarfi ana loda mota a tafi da ita a kan magana, kuɗi ya biyo baya. Mai shagon taki a Ikara ko Hunkuyi yana ba manomin rani kaya sai an ɗebi tumatir. Mai yin mazarƙwaila yana sayen gonar rake ya biya rabi, rabi sai ya sayar. A cikin duk wannan, yaran gida ne ke kai da kawowa. Hausawa sun ce albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, kuma gaskiya ne: yaro yana ɗaukar kayan dubban ɗaruruwa saboda sunan da ya ambata.

To, me ke faruwa ranar da ya tsaya da ƙafarsa? Duk wanda ya san kasuwa ya san amsar. Mai kaya zai tuna abubuwa uku. Na farko, lokacin da ake aiko shi da kuɗi, suna isowa cif ko kuwa kullum da labari? Na biyu, yaya ya rabu da maigidansa, sallama aka yi da albarka ko kuwa ficewa ya yi da rigima? Na uku, shin maigidan ya riƙo hannunsa ya kawo shi ya ce ga yarona, ku ba shi? Ko da duka ukun sun yi kyau, ba za a ba shi abin da ake ba maigidan ba. Wanda ake ba buhu ɗari, yaronsa da goma zai fara. Idan ya biya goma a kan lokaci, a ba shi ashirin. Kenan abin da kamfanin Amurka ya gano a 2007, dillalin Tashar Yari ya daɗe da saninsa: kayan aro ba ya rufe katara.

ABIN DA SHARI'A TA TSARA

Ya ku 'yan'uwa, littattafan fiƙihunmu sun rarrabe matsayi uku da bai kamata a cakuɗa ba. Akwai wanda ya ci bashi, bashin yana wuyansa. Akwai wakili, wanda ke saye da sayarwa da izinin wani. Shi amintacce ne, ba ya biyan asara sai idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyakar da aka yanka masa. Akwai kuma mai lamuni, wanda a yau ake ce wa garanto, wanda ya haɗa wuyansa da na mai bashi. Malamai sun kafa hujjarsa da aya ta 72 a Suratu Yusuf, da kuma ƙissar mamacin da Manzon Allah (SAW) bai sallace shi ba saboda bashi har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Mai izini a kati ya fi kusa da wakili. Wanda ya sa hannu a takardar banki don ɗan'uwansa kuwa mai lamuni ne, kuma ya sani cewa ranar da aka rasa mai bashi, ƙofarsa za a ƙwanƙwasa.

Shari'a ta yarda cewa aiki a dukiyar wani hanya ce ta sanin halin mutum. Manzon Allah (SAW) ya yi fatauci zuwa Sham da dukiyar Nana Khadija (RA), kuma abin da bawanta Maisara ya gani na gaskiyarsa a tafiyar ya zama shaida a gare ta. A aya ta 6 ta Suratun Nisa'i an umarci masu riƙon marayu su jarraba su kafin su miƙa musu dukiyarsu, kuma malamai sun yi bayanin cewa ɗan gidan kasuwanci da ciniki ake gwada shi, ɗan gidan noma kuma da harkar gona. Wato gwaji a ƙaramin abu kafin a damƙa babba asali ne a addininmu. Uban da ya ba ɗansa kati mai ƙaramar iyaka, ko ya ware masa kwali biyu a shago, yana kallon yadda zai yi, yana kan hanya madaidaiciya.

Amma shaida tana da sharaɗi, shi ne sani. An ruwaito cewa wani mutum ya yabi wani a gaban Sayyidina Umar (RA), sai Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne na kusa, ko sun taɓa tafiya tare, ko sun taɓa mu'amalar dinari da dirhami. Da ya amsa cewa babu ko ɗaya, a masallaci kawai yake ganinsa, sai Umar ya nuna masa cewa bai san shi ba. Saboda haka wanda ya sayar da sunansa ga baƙo don makinsa ya tashi, da wanda ya rubuta wa yaro takardar cewa ya yi masa aiki alhali bai yi ba, da wanda ya zuba kuɗin aro a asusu na kwana uku don a ga kamar ciniki ne, dukansu sun shiga babin shaidar zur da algus, kuma dukiyar wanda aka yaudara tana wuyansu.

Game da katin kansa, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya da ke Jidda, a zamanta na 12 a Riyad cikin Satumban 2000, ta fitar da ƙuduri mai lamba 108. Ta yanke cewa bai halatta a fitar da katin bashi ko a yi mu'amala da shi ba matuƙar an sharɗanta kuɗin ruwa, ko da mutum ya yi niyyar biya kafin wa'adi ya cika. Idan babu wannan sharaɗi ya halatta, kuma banki yana iya karɓar tsayayyen kuɗin hidima. Don haka kafin mutum ya tambayi ko katin babansa zai taimake shi, ya fara tambayar wane irin kati ne. Alhamdu lillahi, yau muna da bankuna marasa ruwa: Jaiz ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja, Kaduna da Kano, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Su ma suna ƙarƙashin dokokin Babban Banki, don haka cinikin murabaha da mutum ya yi da su ya biya a kan kari tarihi ne da sunansa. Wanda kuma yake zaune a ƙasar da ko hayar ɗaki ba ta samuwa sai da maki, ya kai mas'alarsa ga malaman da suka san halin wurin.

NASIHA

Ga matasa. Na farko, ka buɗe asusu da sunanka, cinikinka ya riƙa bi ta cikinsa komai ƙanƙantarsa, kuma kada ka haɗa kuɗin maigida da naka. Na biyu, ka fara da ƙaramin bashi na halal da kake da tabbacin biya, buhu biyu na taki ko kwali ɗaya na kaya, ka biya kafin ranar. Na uku, ka riƙe zubin adashinka da na ƙungiyar manoma, domin uwar adashi da sakataren ƙungiya shaidu ne a kanka. Na huɗu, ka nemi rahoton bashinka daga kamfanonin nan; kana da haƙƙin karɓarsa kyauta sau ɗaya a shekara, kuma idan ka ga bashin da ba kai ka ci ba, doka ta ba ka damar neman a gyara. Na biyar, lambar BVN da lambobin sirri da ake turo maka a waya, ko ɗan'uwanka na jini kada ka ba shi ya ci bashi da su.

Ga iyayen gida. Yaron da ya yi maka hidima shekaru yana da haƙƙi a kanka wanda ya wuce jari. Ka riƙa tura masa ladansa ta asusunsa. Ka ware masa wani ɓangare na ciniki da sunansa tun yana gabanka. Ranar sallama ka kai shi da ƙafarka wajen waɗanda kake ɗaukar kaya a Kano ko Sabon Garin Zariya, ka faɗi abin da ka sani game da shi ba ƙari ba ragi, ka kuma bayyana musu ko gabatarwa kawai ka yi ko lamuni ka ɗauka, da iyakar abin da ka lamunta. Rigingimu da yawa da ke zuwa gaban alƙalai da masu unguwanni daga rashin fayyace wannan suke tasowa. Riƙe yaro a inuwa har ya yi furfura don kada ya zama kishiya a kasuwa zalunci ne. Haka nan magidanta su bar matansu masu sana'a su mallaki asusun kansu, domin dukiyar mace tata ce a shari'a.

Ga kowa da kowa. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka. Mu dawo da wannan sunna a Paki da Gubuci da Likoro da sauran garuruwanmu. Littafi ɗaya a shago, mai ɗauke da suna da rana da adadi da sa hannun shaidu, yana kare mai kaya, yana kuma zama hujja ga yaron kirki ranar da zai nemi nasa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da ya bambanta mutane shi ne yadda suke biya. Wanda yake da hali ya riƙa ja wa mai binsa rai, Manzon Allah (SAW) ya sanya aikinsa cikin zalunci, kuma a yau kafin a je lahira ma, kwamfuta ta riga ta rubuta.

Muna roƙon Allah Ya wadata mu da halal, Ya tsare mu daga riba da cin amana, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya sanya albarka a gonakinmu da kasuwanninmu, Ya shiryi matasanmu su zama amintattu a ɓoye da bayyane. Allah Ya sa mu dace.